Ranar da Shugaban Kwaleji Ya Sauka Daga Kujerarsa

Wani ɗan ƙanwata da aka ɗauka aiki a ofishin magatakarda bara ya zo gaishe ni a nan Gumel. Ya zauna a kan tabarma yana ta latsa waya, can sai ya ce, "Kawu, ai aikin naku ba wuya. Malamai su koyar, ɗalibai su yi karatu, ku kuma ku sa hannu." Na dube shi na ce Allah ya shirye ka. Ban yi fushi ba, don na lura duk tsaransa haka suke gani. Suna hangen kujera mai juyawa da fanka, ba sa hangen abin da ke kan teburin. To, tunda na yi ritaya, bakina kuma ya huta da cewa "za a duba", bari in faɗa muku abin da na gani a kwalejin horar da malamai, tun ina ƙaramin akawu har na zama magatakarda.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ɗinkin fayil. Wanda ya ba ni kuwa shi ne Alhaji Garba, magatakarda na wancan lokacin, wani gajeren dattijo mai tabarau a kan karan hanci, bakinsa kullum da goro. Ya miƙo mini abin huda takarda da koriyar igiya da jan biro, ya ce kowace takarda ta shiga fayil sai na huda ta a kusurwa ɗaya, na zura igiya, na sa mata lamba a sama. Na ɗauka wasa ne. Idan na kawo masa fayil sai ya kama shi ta baya ya girgiza, takardar da ta faɗo ƙasa sai in sake aikin tun daga farko. Yakan ce, "Haruna, takardar da ba ta da lamba an riga an sace ta, ɓarawon ne kawai bai iso ba." Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa: tafireta mai ƙarar tsiya, da sitansil, da wani jan ruwa mai wari da ake shafawa idan an yi kuskure, da injin gurza takardu wanda ake juyawa da hannu har kafaɗa ta yi tsami. Ranar da za a gurza takardun jarrabawa, Alhaji Garba da kansa yake kulle ƙofa, ya zauna a ciki tare da mu, ya ƙone duk takardar da ta lalace a gaban idonsa. Yanzu kuna da kwamfuta, kuna danna abu ɗaya takarda ta fito tsaf. Madalla. Amma kwamfuta ba ta san wanda ya kamata ya ga takarda da wanda bai kamata ba.

Sai da na daɗe ina ɗinkin fayil kafin ya fara shiga da ni majalisar malamai, wato babban taron da shugaban kwaleji ke jagoranta, inda ake yanke maganar jarrabawa da sakamako da korar ɗalibi. Aikina in rubuta bayanin taron, abin da muke kira minit. Ran farko na rubuta komai, har inda wani shugaban sashe ya ce wa wani bai san komai ba sai cin alawus. Alhaji Garba ya karanta, ya ɗauki jan biro ya yi ta sokewa, ya ce, "Wa ya aike ka ka rubuta faɗa? Rubuta abin da aka amince, da wanda zai yi, da yaushe. Mutanen nan gobe za su ji kunyar abin da suka faɗa yau. Bar musu ƙofar da za su dawo su gaisa." Daga wannan rana na san cewa rabin aikin magatakarda sanin abin da ba a rubutawa ne.

Lokacin ɗaukar ɗalibai kuwa, nan ake gane ko mutum ya iya aikin. Ofis ya cika maƙil. Ga dagaci daga wajen Sule Tankarkar da kwandon ƙwan zabi, ga mai sayar da shanu daga Maigatari da ɗansa a baya, ga wani ya zo da 'yar takarda daga wani babba. Kowa ɗansa ya fi kowa cancanta. Alhaji Garba ba ya taɓa cewa a'a mutum yana tsaye. Sai ya ba shi kujera, ya sa a kawo ruwa, ya tambayi amfanin gona, sannan ya buɗe sakamakon yaron su duba tare, ya nuna masa inda ya gaza da abin da zai gyara kafin baɗi. Na sha ganin uba ya fita ba a ɗauki ɗansa ba, amma yana ta sa albarka. Ƙwan zabin kuma sai a mayar masa cikin mota, a ce a kai wa yara.

Na yi aiki da shugabanni da dama. Akwai wanda yake tsoron fayil kamar kunama, komai sai ya ce a kafa kwamiti. Akwai wanda shi kuma kafin ka gama bayani ya riga ya yanke hukunci, gobe ya warware. Kowanne na ƙaru da shi, ko da yadda ba a yi ne. Amma idan ana maganar shugabanci, Dakta Ilyasu nake tunawa, kuma ba na jin kunyar cewa ina ƙaunar mutumin nan har yau. Ya zo ne bayan Alhaji Garba ya yi ritaya, ni kuma na gaje shi. Kowace safiya kafin ya shiga ofis sai ya zaga makarantar da ƙafa, ya murɗa famfon ɗakunan kwanan ɗalibai ya ga ko akwai ruwa, ya leƙa azuzuwa ya ga ko malami ya shiga. Idan akwai magana mai zafi da za ta zo gaban majalisa, ba ya jira sai ranar taro. Zai bi waɗanda ya san za su yi adawa har ofisoshinsu, ya zauna ya saurare su. Sau da yawa da ra'ayinsu yake fitowa, ya bar nasa a can. Idan malamai suka zage shi a bayan ido aka kawo masa gulma, sai ya yi dariya ya ce babba juji ne, a ƙyale su su zuba.

Wani abu nasa kuma, ba ya son ya zama shi kaɗai ya iya. Mataimakiyarsa, Hajiya Rakiya, malamar lissafi ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma ba ta son magana a taro. Shi kuwa da gangan yake tura ta inda za ta yi maganar dole: ta je ta sasanta ɗalibai da masu dafa abinci, ta je ta wakilce shi a wurin hakimi. Idan ta dawo ta ce ta yi kuskure, sai ya ce, "To, yanzu kin san wannan. Saura na gaba."

Sai shekarar wahala ta zo. Malamai suka yi dogon yajin aiki, jadawalin karatu ya rikice. Koyarwar gwaji, wato lokacin da muke tura ɗaliban shekarar ƙarshe makarantun firamare su koyar ana duba su, da can bayan kaka ake yin ta, lokacin da gari ya yi sanyi. Wannan shekarar sai ta faɗo tsakiyar bazara. Rana kamar ta sauko ƙasa, rijiyoyi sun ja baya, ga sanƙarau ya shiga ƙauyuka. Muka rarraba ɗalibai a Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar da ƙauyukan Gumel, muna addu'ar Allah ya dawo mana da su lafiya.

Mai kula da koyarwar gwaji shi ne Malam Tijjani, dogon mutum siriri mai tsohon babur. Ɗalibai suna kiransa Ba-sani-ba-sabo, kuma ya san da sunan, bai damu ba. Ba ya gaya wa kowa ranar da zai je duba ɗalibi, sai dai kawai ka ga ya shigo aji ya zauna a bencin baya. Shekarar da ta gabata ya kayar da ɗan wani babban mutum saboda yaron bai je makarantar da aka tura shi ba. Aka yi ta bugo waya, aka yi ta aike, Dakta Ilyasu ya tsaya bayan Malam Tijjani kamar bango. Kowa a garin ya san wannan labari.

To, a cikin ɗaliban da aka tura Gagarawa akwai wata Bafulatana mai suna Adama, matar aure, daga wata ruga a bayan Ɗanzomo. Ita ce mace ta farko daga rugarsu da ta kai kwaleji. Ta taɓa dakatar da karatu saboda haihuwa, don haka wannan ce shekara ta ƙarshe da doka ta yarda ta yi a makarantar. Malam Tijjani ya je duba ta bai same ta ba. Ya sake komawa, nan ma ba ta nan. Hedimasta ya ce wata safiya ta zo ta ce masa an yi kiranta gida, shi ke nan, ba ta ƙara ko kalma ba. Bayan makonni sai ga ta ta dawo, ta ɗauki alli ta ci gaba da koyarwa har lokacin ya ƙare. Doka kuwa a fili take: wanda ya bar wurin koyarwarsa ba tare da uzurin da majalisa ta gamsu da shi ba, ya faɗi. Ga wani ɗalibi, faɗuwa maimaita shekara ce. Ga Adama kuwa kora ce, ta koma ruga hannu rabbana bayan duk shekarun da ta yi.

Ranar da maganarta ta zo gaban majalisa aka kira ta don a ji ta bakinta. Ta shigo ta durƙusa daga bakin ƙofa, aka ce ta zauna a kujera, ta ƙi.

Malam Tijjani ya ce, "Adama, ina kika je?"

Ta ce, "Gida na je, ranka ya daɗe."

"Me ya kai ki gida?"

"Kirana aka yi."

"Wa ya kira ki? Me ya faru? Ba ki da lafiya ne? Kina da takardar asibiti?"

Ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska, ta zuba wa siminti ido. Aka yi ta tambaya, wannan ya yi ta lallashi, wancan ya yi da tsawa. Hajiya Rakiya ma ta sa baki ta ce, "Ƙanwata, ki taimaki kanki mana." Abin da kawai ya fito daga bakinta shi ne, "Na yi laifi. Duk abin da kuka yanke daidai ne."

Da ta fita, ɗakin ya ɗauki surutu. Wani ya ce biki ta je. Wani ya ce wannan ai raini ne, manya suna tambaya tana yi musu shiru. Malam Tijjani ya ce shi ba shi da abin ƙarawa, ita da bakinta ta amsa laifi. Ni har na ɗora biro a kan takarda ina jiran kalmar ƙarshe. Sai Dakta Ilyasu ya ce, "Magatakarda, rubuta an ɗage wannan magana zuwa zama na gaba."

Ana tashi Malam Tijjani ya biyo mu ofis, ransa a ɓace. Ya ce, "Yallaɓai, bara ka tsaya mini a kan ɗan mai hali. Idan bana muka lanƙwasa doka don mun ji tausayi, da wane ido zan kalli uban wancan yaron?"

Dakta ya ce, "Gaskiyarka, Malam. Ba zan lanƙwasa ba. Idan zama na gaba ya zo ba ni da abin da zai gamsar da kai, kai za ka karanta hukuncin, ni in sa hannu. Amma ka duba mini abu biyu. Mai gudun aiki ba ya dawowa da ƙafarsa ya ci gaba da koyarwa ba wanda ya je nemansa. Kuma maƙaryaci ba ya rasa abin faɗi. Yarinyar nan ko ƙaryar ma ta ƙi yi mana."

Malam Tijjani bai gamsu ba, amma ya yarda ya jira. Ku lura da wannan, ku masu ganin shugabanci ba da umarni ne. Dakta yana da ikon ya danne shi a wurin, ya ce na yafe mata. Da ya yi haka, da ya ceci ɗaliba ɗaya ya kashe mutumin da ke riƙe masa da mutuncin makarantar.

Ranar Alhamis ya ce in fito da tsohuwar motata, a bar motar ofis a gida. Muka nufi Maigatari, don ranar kasuwa ce, kuma duk wani Arɗo na yankin nan a kara, wurin cinikin shanu, ake samunsa. Muka kutsa cikin shanu da raƙuman da aka koro daga Nijar, dillalai suna ta ihu, zufa ta jiƙa mu sharkaf. Shugaban kwaleji guda yana tsallake kashin shanu yana tambayar Arɗon rugar bayan Ɗanzomo. Da ƙyar muka same shi a wata rumfa, wani farin tsoho mai malafa da sanda a kafaɗa. Dakta ya zauna a ƙasa kusa da shi. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi ruwa da kiwo, aka koka da zafin bana. Ni har na ƙosa. Sai can Dakta ya faɗi ko shi wane ne.

Arɗo ya ce, "Af, kai ne babban lakwal ɗin nan, makarantar da Adama take? Ai 'yar ƙanena ce. Sannunku da ƙoƙari. Ai mun ga jarrabawa bana, rasuwa aka yi mana."

Muka yi salati. Dakta ya ce, "Wa ya rasu, Arɗo?"

"'Yar farinta, wadda ke hannun kakarta. Sanƙarau ne. Aka aika mata ta zo, ta yi jinya, Allah ya karɓi abarsa. Ba ta faɗa muku ba?" Kafin mu amsa sai ya girgiza kai ya amsa wa kansa. "Yo ta yaya za ta faɗa? Ta tsaya gaban manyan maza ta buɗe baki ta ce 'yata? Ai ko sunan yarinyar ba ta taɓa kamawa ba. Ranar da aka fita da gawar ma tana bayan bukka tana wanke ƙore, ba wanda ya ga hawayenta."

Kunyar ɗan fari ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun yi ta: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi nata ne a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta kukansa a fili. Mu 'yan gari mun sassauta, har mun fara mantawa. A ruga kuwa abin yana nan daram. Mun tsayar da yarinya a gaban majalisa muna neman ta faɗi abu ɗaya tak da tarbiyyarta ta hana ta faɗi, ita kuma ta zaɓi a kore ta a kan ta faɗe shi.

Na ce wa Dakta ai shi ke nan, mun samu abin da muka zo nema. Ya ce a'a, maganar kasuwa ba shaida ba ce, kuma an yi wa ɗalibarmu rasuwa ba mu je gaisuwa ba. Ranar Asabar muka tafi rugar. Bayan Ɗanzomo mota ta kafe a yashi, muka ƙarasa da ƙafa. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin wata aduwa. Adama ce ta kawo ruwa, ta durƙusa ta ajiye, ta juya ta koma. Na zuba ido in ga me Dakta zai ce mata. Bai ce mata komai ba, ko kallonta bai yi ba. Kakar marigayiyar ya sa aka kira, ita ya yi wa ta'aziyya, ya yi addu'a mai tsawo, ya saurari tsohuwar tana ba da labarin jikarta tana share ido. Har muka sha fura muka taso bai ambaci makaranta ba, bai ambaci doka ba. A hanya ya ce mini, "Da na yi wa uwar gaisuwa a gaban mutanenta, da na ƙara mata wani nauyin."

Zama na gaba ya zo, ɗaki ya cika, don kowa yana so ya ga yadda za a kwashe. Da aka iso kan maganar Adama, Dakta Ilyasu ya miƙe, ya tattara takardunsa, ya ce, "Jama'a, a wannan magana ni shaida ne, shaida kuwa ba ya zama alƙali. Hajiya Rakiya, bismilla, zo ki hau kujerar nan." Hajiya ta zaro ido. Ba ta taɓa jagorantar majalisa ba, kuma bai gaya mata zai yi haka ba. Shi kuwa ya zagaya ya koma can ƙarshen tebur inda ƙananan malamai ke zama, ya tsaya a tsaye har sai da ta ba shi izinin magana.

Ya faɗi inda ya je, da wanda ya gani, da abin da aka gaya masa, a taƙaice, ba ƙari ba roƙo. Ya ce magatakarda yana wurin, a tambaye shi. Na tabbatar. Wanda ya ce biki ta je ya sunkuyar da kai. Wani ya ce a kira ta ta tabbatar da bakinta. Nan ne Hajiya Rakiya ta yi magana. Ta ce, "Ba za a kira ta ba. Doka ta ce uzurin da majalisa ta gamsu da shi, ba ta ce sai ɗalibi ya faɗa da bakinsa ba. Malam Tijjani, kai ne mai wannan aiki. Ka gamsu?"

Duk ido ya koma kansa. Ya daɗe yana murza gemu. Ya ce, "Na gamsu da uzurin. Allah ya jiƙan yarinya. Amma makonnin da ba ta yi ba suna nan, kuma ban ga koyarwarta ba. Ba zan sa hannu a kan malamar da ban gani a gaban aji ba, ko 'yata ce. Ta koma Gagarawa ta cike, a duba ta. Idan ta iya, ta ci. Idan ba ta iya ba, ta faɗi."

Wani ya ce wa zai je dubawa, an rufe aikin bana, damina kuma ta kusa sauka. Malam Tijjani ya ce, "Ni mana, wanda ya kawo ƙarar."

Hajiya Rakiya ta tambayi majalisa, kowa ya amince. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Magatakarda, minit ɗin nan yana zaga ofisoshi. Rubuta majalisa ta gamsu da uzurin ɗalibar bisa shaidar Shugaba. Kada ka ƙara komai." Na rubuta haka. Na saci kallon Dakta, na ga yana murmushi a can ƙarshen tebur. Daga baya Hajiya Rakiya ce ta gaje shi a shugabancin kwalejin, kuma ta riƙe ta da kyau. Ni dai a wurina, ranar nan ta fara.

Ni na kira Adama ofis na gaya mata hukuncin. Ban ce mata mun sani ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ce ta gode, ta tashi. Amma maganar ba ta ƙare ba, don kowa ya san Malam Tijjani. Tausayi ba ya shiga bironsa. Idan ta rikice a gaban aji, to duk wahalar da aka sha ta tashi a banza.

Ruwa ya sauka, hanyar Gagarawa ta yi taɓo. Wata ranar da hantsi ina ofis sai ga Malam Tijjani ya shigo, wandonsa duk laka har gwiwa. Ya ajiye takardar duba ɗalibi a kan teburina.

Na ce, "Malam, yaya aka yi?"

Ya ce, "Ta ci."

"Da ƙyar ko da daɗi?"

"Ta iya aiki. Ta fi da yawa daga cikin waɗanda na duba bana."

Na ɗauka zai juya ya fita kamar yadda ya saba, sai na ga ya ja kujera ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Ka san a takardar nan akwai wurin da ake ba malami maki idan yana kiran yara da sunayensu. Duk yaran ajin ta san sunansu, tana kira ɗaya bayan ɗaya. Ban da wata 'yar ƙarama a layin gaba. Ita sai ta ce, ke 'yar gidana, zo ki rubuta mana. Kuma ita ta fi kira zuwa allo. Da aka tashi na tambayi hedimasta sunan yarinyar, ya ce Habiba."

Ya ɗago ya dube ni. Na ce masa sunan marigayiyar ke nan, shi kakarta ta yi ta maimaita mana a gindin aduwa.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Haka na zata. Na ba ta makin wurin duka." Ya miƙe ya mayar da hularsa, har ya kai bakin ƙofa ya juyo. "Magatakarda, a sa sunanta cikin waɗanda suka gama yau ɗin nan. Ta jira ya isa."